Sufurin Baƙi Daga Kontagora Zuwa Tsibiran Tafkin Kainji

KONTAGORA — Matafiyin da ya tashi daga Kontagora ya nufi arewa maso yamma a kan babbar hanyar da ta taso daga Legas zuwa Sakkwato, bayan tafiyar kilomita 100 da 'yan kai zai iske kansa a Yalwan Yawuri, a gaɓar Kogin Kwara. Daga nan zuwa kudu, har madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ne shimfiɗe na tsawon kimanin kilomita 136, wanda faɗinsa a tsakiya ya kai kilomita 24. Wannan shi ne Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan da aka kammala madatsar a 1968. A cikinsa, da kuma a kogin da ke kwararo masa ruwa daga arewa, akwai tsibirai masu yawa da ba a isa gare su sai da jirgi.

Mutanen wurin suna kiran tsibiri gungu, kuma daga wannan kalma ce Hausawa suka laƙaba wa al'ummar Reshe sunan Gungawa, manoman albasa da masunta waɗanda suka daɗe zaune a tsakiyar kogin tun kafin zuwan Turawa. Lokacin da ruwa ya taso an tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu aka sake musu matsuguni. Tsohon birnin Bussa ya nutse, haka ma mafi yawan babban gungun Foge. Abin da ya rage na Foge a saman ruwa ya zama matattarar tsuntsaye, har aka sanya shi a 2008 cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Idan aka haɗa wannan da madatsar kanta, da gandun dajin Kainji mai faɗin murabba'in kilomita 5,340, wanda shi ne gandun ƙasa na farko a Nijeriya, da bikin Rigata na Yawuri, za a ga cewa abin nuna wa baƙo bai yi ƙaranci ba a wannan yanki. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a kai baƙon wurin, a kuma dawo da shi a kan lokacin da aka yi masa alkawari.

Kontagora ce ƙofar yankin ga mai zuwa daga gabas. Garin da Umaru Nagwamatse ya kafa a tsakiyar ƙarni na 19 yana zaune ne a mahaɗar hanyoyi: wadda ta fito daga Kaduna da Minna ta Tegina, wadda ta hauro daga Jebba da Mokwa, wadda ta nufi Rijau da Zuru, da kuma ta Yawuri. Layin dogo bai biyo ta nan ba, domin ta Mokwa da Zungeru ya ratsa. Mai zuwa ta sama kuwa sai dai ya sauka a Minna, tazarar kusan kilomita 200, ko a Birnin Kebbi ko Abuja, sa'an nan ya nemi mota. Filin jiragen sama da ke Kainji na mayaƙan sama ne. Ke nan kowane baƙo, mai kuɗi ko talaka, a kan taya zai shigo.

A tashoshin Kontagora akwai ƙananan motocin haya da bas-bas masu zuwa Yawuri kowace rana, akwai kuma masu bin hanyar ƙasar Magama ta Salka da Auna zuwa garuruwan gabashin tafkin. Mai son ganin madatsa da Sabuwar Bussa yana iya gangarawa kudu ya kama hanyar da ta taso daga Mokwa ta bi ta Zugurma da Ibbi. Dukkansu ƙa'idarsu guda ce, wadda kowane ɗan kasuwa ya sani: mota ba ta tashi sai ta cika. Wanda ba ya iya jira sai ya biya kuɗin kujerun da suka rage, ko ya ɗauki shata. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa bakin ruwa kuwa aikin 'yan acaɓa ne da masu a-kori-kura, kuma da damina wani lokaci babur ne kaɗai ke iya shiga.

A kan ruwa jirage iri uku ne. Akwai ƙaramin kwalekwale na tuƙi da hannu, na masunta da masu fiton kusa. Akwai matsakaicin jirgin katako mai inji a gindi, wanda shi ne tasin tafkin. Sai kuma babban jirgin kasuwa, shi ma na katako, wanda ke ɗaukar mutane da buhunan hatsi da albasa da busasshen kifi da babura, wani lokaci har da dabbobi. Ranakun kasuwa ne ke tsara tafiyar waɗannan manyan jirage: Yawuri, Wara, Malale da sauransu, kowace da ranarta. Jirgi yakan tashi da safe yana bin ƙauyuka yana kwasar 'yan kasuwa, ya juyo da la'asar ko bayan magariba. Baƙon da ya zo ranar da ba ta kasuwa ba, ko dai ya yi shatar jirgi sukutum, ko ya zauna a gaɓa yana kallon ruwa. Wannan ba sabon abu ba ne a Kwara. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John sun ɓata makonni tsakanin Yawuri da Bussa da Wawa suna neman jirgin da zai gangara da su, a kusa da inda Mungo Park ya halaka a 1806.

Mashigin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na Zamare zuwa Rofiya. Tun da aka cire Borgu daga Jihar Kwara aka haɗa ta da Neja a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, tafkin ya zama na jihohi biyu. Ma'aikacin gwamnatin Neja da zai je Agwara daga Minna yakan bi ta Kontagora, ya shiga Jihar Kebbi ta Yawuri, ya haye ruwa, kafin ya sake taka ƙasar jiharsa. An daɗe ana kiraye-kirayen gina gada a wurin. Wannan mashigi yana da fasinja kullum, saboda haka nan ne kaɗai baƙo zai iya dogara da samun jirgi ba tare da ya duba ranar kasuwa ba.

Dalilin da ya sa tsarin ya kasance haka lissafi ne, kuma ya kamata mai niyyar zuba jari ya fahimce shi kafin ya zargi kowa. Kuɗin da mai jirgi ke kashewa a sawu guda kusan tsayayye ne: man da inji zai sha, ladan matuƙi da yaransa, kuɗin ƙungiya da na mashigi. Kuɗin da ke shigowa kuwa a kan kai ne da kan buhu. A ƙaddara kuɗin sawu ya yi daidai da abin da fasinja 30 za su biya, jirgin kuma an ƙera shi don mutum 50. Idan ya tashi da 50, ribarsa kuɗin mutum 20 ce. Idan ya ɗora 80, ribar ta koma kuɗin mutum 50, ta ninka sau biyu da rabi, alhali ƙarin man da zai ƙona kaɗan ne. Idan kuwa ya tashi a kan lokaci da mutum 25, ya faɗi. Duk wani abu da ke cikin wannan lissafi yana tura mai jirgi ga jinkirin tashi da yawan lodi, waɗanda su ne abubuwa biyu da mai yawon buɗe ido ba zai lamunta ba.

Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ba shi ne ya haifar da wannan hali ba, domin ya girme shi, sai dai a ce ya tsananta shi. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haye naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Injinan jiragen tafkin da fetur suke aiki, kuma daga waje ake shigo da su da kayan gyaransu, saboda haka faɗuwar darajar naira ta sake dukansu ta wani ɓangaren. Fasinjan ƙauye ba zai iya biyan ninki biyar na kuɗin fito ba. Gibin da ya rage, lodi ne ke cike shi.

Ruwan kansa yana da nasa jadawalin. Kainji yana samun ambaliya biyu a shekara. Ta farko, farin ruwa, daga damina ta yankin Sakkwato da kewaye take zuwa, wajen Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu, baƙin ruwa, tana tasowa ne daga tsaunukan Gini, ta yi watanni tana ratsa fadamun Mali, ta iso nan daga Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan tafkin yakan yi ta janyewa yayin da ake sakin ruwa don samar da lantarki, har ya yi ƙasa da kimanin mita 10 kafin sabuwar damina ta cika shi. A fili mai shimfiɗe irin wannan, saukar mita 10 tana iya mayar da bakin ruwa nesa ƙwarai da inda yake a da, saboda haka mashigin da aka gina da siminti a wuri guda yakan yi watanni a kan tudu. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a 1968, waɗanda ba a sare su duka ba kafin a toshe kogin. Idan ruwa ya cika suna can ƙasa, idan ya ja baya sai su tsaya dab da saman ruwa inda ido ba ya ganinsu. A farkon damina iska takan taso ba zato ta tayar da igiyar ruwa a tsakiyar tafkin, da hunturu kuma hazo ke rufe gaɓa. Kainuwar da ta mamaye tafkin tun ƙarshen shekarun 1980 ita ma takan toshe mashigai ta naɗe farfelar inji.

Abin da haɗuwar lodi da waɗannan haɗurra ke jawowa sananne ne. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a ƙasar Borgu zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da mutane fiye da 150. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba, kuma hukumomi sun ɗora laifin a kan yawan lodi. A farkon Satumba, 2025, wani jirgin ya ci karo da kututture a yankin Malale, mutane da dama suka rasu, yawancinsu mata da yara masu zuwa ta'aziyya. Waɗanda ke mutuwa a irin waɗannan haɗurra mazauna yankin ne, kuma domin su ne ya wajaba a gyara tun kafin a yi zancen baƙi. Amma ta fuskar kasuwanci, kowane irin wannan labari yana shiga kunnen shugaban makarantar da ke tunanin kai ɗalibansa ganin madatsa, da magidancin Kano ko Kaduna da ke neman inda zai kai iyalinsa hutun salla.

Dokoki dai akwai su. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ita ce ke da alhakin rajistar jirage da ba matuƙa lasisi, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Gwamnatin Tarayya ikon hanyoyin ruwan. Ƙa'idojin hukumar sun haramta tafiyar dare da wuce kima a lodi, sun kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa. Hukumar HYPPADEC mai raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, wadda hedkwatarta ke Minna, ta raba irin waɗannan riguna, ta kuma sa hannu a aikin sare kututture. A 2025 Ma'aikatar Harkokin Teku ta Tarayya ta ƙaddamar a Minna da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12. Sai dai tafki mai gaɓar ɗaruruwan kilomita da mashigai barkatai ya fi ƙarfin 'yan jami'an da ake turawa. Wanda ke tsaye a bakin ruwa kowace safiya shi ne sarkin ruwa da sarkin jirgi da shugaban ƙungiyar masu jirage, kuma duk dokar da ba ta bi ta hannunsu ba a takarda za ta tsaya.

Ƙasashen da ke cin abinci da tsibirai sun fuskanci wannan matsala, kuma yadda suka ɓullo mata abin dubawa ne. Maldibs, a Tekun Indiya, tana da tsibirai kusan 1,200 da jama'a kimanin rabin miliyan. Ta fara karɓar masu yawon buɗe ido a 1972, kuma a 2024 baƙinta sun haura miliyan 2. A can galibi baƙo ba ya neman jirgi da kansa. Masaukin da ya kama shi ke shirya masa jirgi mai gudu ko jirgin sama mai sauka a kan ruwa, a tarye shi a filin jirgi, kuɗin kuma a haɗa shi da na ɗaki. Jiragen fito na jama'a suna nan daban, masu araha, masu tafiyar hawainiya. A Zanzibar, inda jirgin Spice Islander ya nutse da ɗimbin jama'a a Satumban 2011 saboda lodi, wani kuma ya bi bayansa a Yulin 2012, jiragen zamani ne ke haɗa tsibirin da Darussalam cikin kimanin sa'o'i 2. Suna tashi a kan lokaci, tikiti yana ɗauke da sunan fasinja, baƙo daga waje kuma yana biyan farashin da ya ɗara na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Wannan bambancin farashi shi ke taimaka wa jirgin ya tashi ko bai cika ba.

Misalin da ya fi kusa da aljihun ɗan kasuwar Kontagora yana Jamhuriyar Benin. Ganbiye gari ne da aka gina a kan turaku a tsakiyar Tafkin Nokuwe, arewa da Kwatano. Jiragen da ke kai baƙi can na katako ne, irin waɗanda ke Yawuri. Bambancin kawai shi ne a mashigin Abome-Kalabi akwai ofishin sayar da tikiti, farashi a rubuce gwargwadon yawan mutane da irin jirgin, da ɗan jagora da ke raka su. Baƙo ya san abin da zai biya kafin ya sa ƙafa a jirgi, kuma babu jiran cika.

Darasin da ke cikin misalan uku shi ne a raba sufurin baƙo da na kasuwa, a sayar masa da tafiyar gaba ɗaya a dunƙule. Mai masauki a Kontagora ko Yawuri da zai haɗa gwiwa da mai bas guda da mai jirgi guda, ya sayar da tafiyar kwana biyu a farashi ɗaya, ya kawar da matsalar jiran cika, tunda an biya kuɗin sawu tun kafin a tashi. Mai jirgin kuma ba shi da dalilin ƙara lodi. Kasuwar farko ba Turawa ba ne. Ɗaliban manyan makarantun Kontagora ne, da masu zuwa cibiyar binciken kifi da kwalejojin kifi da namun daji na Sabuwar Bussa, da ma'aikatan bankuna da kamfanoni, da fataken albasa da kifi waɗanda lokacinsu kuɗi ne kuma za su biya ƙari don jirgin da ke tashi ƙarfe takwas ko da mutum nawa. Jarin da ake buƙata bai kai na gina otal ba: jirgi mai rumfa da kujeru, inji biyu don gudun mutuwar ɗaya a tsakiyar ruwa, riguna daidai da yawan kujeru, littafin rubuta sunayen fasinja, da matuƙi ɗan wurin wanda ya san inda kowane kututture yake. Rajista da NIWA tana da amfanin da ya wuce guje wa tara, domin banki ba ya karɓar jirgin da ba shi da takarda a matsayin jingina, kamfanin inshora ma ba ya kallonsa.

Akwai kuma iyakar da babu dabarar kasuwanci da za ta tsallake ta, wato tsaro. Tun wajen 2020 'yan bindiga da masu tayar da ƙayar baya suka samu mafaka a gandun dajin Kainji. Ɓangaren Borgu, inda a da ake kai baƙi sansanin Kogin Oli daga Disamba zuwa Yuni su ga dorina da gwanki da ɓauna, ya fita daga lissafin mai shirya tafiye-tafiye mai hankali. A Yunin 2021 an sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a Nuwamban 2025 kuma aka kwashe fiye da 250 daga wata makaranta a Papiri cikin ƙaramar hukumar Agwara. Hanyar Tegina da ta Rijau su ma sun sha fama. Saboda haka direbobi da yawa ba sa son tafiyar dare, wanda ke nufin duk tafiyar baƙo, ta mota da ta jirgi, dole a cusa ta tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, kuma a tuntuɓi jami'an tsaro da masarauta kafin kowane sawu.

Wannan ya taƙaita abin da za a iya sayarwa a yanzu ga gajerun tafiye-tafiye daga manyan garuruwa: zagayen 'yan sa'o'i daga Yalwa zuwa tsibiran da ke kusa, ko daga Sabuwar Bussa zuwa madatsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da tafkin ke cike, kututture ke can ƙasa, iskar damina kuma ba ta fara ba. A daidai wannan lokaci ne, wajen Fabrairu, ake yin bikin Rigata a Yawuri, inda ake tseren jirage da ninƙaya a gaban Sarki da manyan baƙi, jama'a kuma su cika garin har masauki ya yi wuya. Bas ɗin da ya bar Kontagora ƙarfe bakwai na safe zai iya sauke fasinjansa a bakin ruwa da hantsi, su ga tsere, su zagaya gungu ɗaya ko biyu, ya kuma juyo da su ƙarfe uku domin ya shiga Kontagora kafin magariba.